Ƙofar Ɗaso Mai Zobe Biyu

Ɗaso maƙwabciyata ce tun muna 'yan mata a tsohuwar unguwarmu ta kan dutse. Taurin kai gare ta, tsufa kuma bai rage mata komai ba.

Ubanta, Malam Awwalu, kafinta ne da ya iso Makka ta Sudan. Shi ya gina gidansu da dutsen wurin, ya sassaƙa masa ƙofa mai zoben ƙarfe biyu, babba na maza, ƙarami na mata. Da jin ƙarar bugu, matan gida sun san ko mayafi za su ɗauka ko su buɗe kawai. A gidan nan Ɗaso ta tashi, can ta koma da mijinta ya rasu, da ƙosai da kunu ta raini ɗanta Turki.

Da aka zo faɗaɗa hanya, sai aka fesa wa gidajenmu jan fenti: izala, wato rusau. Gida ɗaya aka bari, na wani tsohon attajiri mai tagogin katako, wai shi ne kayan tarihi.

"Namu jiya aka gina shi?" in ji Ɗaso.

Gidan dai ba zai tsira ba, ta sani. Turki ya saya musu shaƙƙa, wato sashen zama a wani bene, a unguwar Ka'akiyya. Ana cikin kwashe kaya wani mai gidan abinci ya zo yana son ƙofar, ya ƙawata bangonsa da ita.

"Ya Ummi, halas, ya isa haka, ki bar masa," in ji Turki. "Katako ne fa."

"Kai ma katakon ne, ban sayar da kai ba."

Ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar, ta ce ba inda za ta sai an ciro mata ƙofarta. Aka ciro. Ƙarti suka hau da ita bene suna zufa suna tsaki. Sai ga shi ta fi bakin ɗakinta faɗi da tafin hannu. Kafintan da aka kira ya ɗauko zarto.

"Ajiye," in ji Ɗaso. "A fasa bangon. Shi bara aka yi shi."

Turki ya yi ta faɗa da Larabci, tana mayar masa da Hausa. Bangon aka fasa.

Tahani, matar Turki, ta ce ƙofar ta ɓata musu gida. Gaskiyarta, ko kaɗan ba ta dace da wurin ba. Amma ba mai shiga ɗakin nan sai ya buga.

Rannan ina zaune muna shan shayi, Turki ya zo da sauri ya kama ƙaramin zobe.

"Shigo, Hajiya!" in ji Ɗaso, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Can sai muka ji babban zoben.