Hayaƙin da Ba Shi Ake Nufi Ba

A haihuwata ta shida na zubar da jini har aka fara laƙƙana mini kalmar shahada. Da na farfaɗo, ungozoma ta ce in na sake ɗaukar ciki nan kusa, to in yi sallama da 'ya'yana. Ban tsaya ganin likita ba. Na shiga kantin magani a kasuwar Gadarif na sayi ƙwayar hana ɗaukar ciki kamar mai sayen gishiri.

A cikin kwalin akwai wata takarda ninki-ninki, rubutunta kamar ƙafar kiyashi. Larabcina na firamare ne, amma wajen karambani ba a barina a baya. Na bi layi da yatsa har na ci karo da kalmar "tadhin", wato yin hayaƙi. Wai macen da ta haura talatin da biyar, in tana tadhin, jini na iya daskarewa a jijiyarta ya kashe ta. Shekaruna talatin da takwas, kuma duk Alhamis sai na yi duhan, turaren nan da mata ke zama a kan rami, a lulluɓe da bargo, hayaƙin itacen ɗalha ya ratsa jiki. Tsoro bai bar ni na juya bayan takardar ba. A ranar na cike ramin da ƙasa. Maƙwabta suka yi ta yi mini tsiya, wai na yi wa maigida ritaya. Ni kuwa gani nake na tsallake rijiya da baya, na ci gaba da shan ƙwayata.

Da kaka muka dawo daga yankan riɗi a garin Doka, wuni guda a bayan lori, ƙafa a naɗe. Washegari sha-raɓata ta hagu ta kumbura ta ɗauki zafi. Kwana biyu ina shafa mata man riɗi. Rana ta uku ko jarka na ɗaga sai numfashina ya guntule, maigida ya sa ni a raksha, keken hayan nan mai ƙafa uku, sai asibiti.

Na miƙa wa likita kwalin, har da taƙamar cewa na bar duhan tun da daɗewa. Ya yi dariya, ya ce shan sigari ake nufi da tadhin, ba duhan ba. Da ya taɓa ƙafar sai dariyar ta ɗauke. Ya juya takardar ya nuna mini inda aka lissafa kumburin ƙafa da sarƙewar numfashi, ya ce doka ta tilasta wa masu yin magani su faɗi haɗarinsa, kuma ga shi sun faɗa.

"Sun faɗa wa alƙali dai, ya diktor," na ce. "Ba ni ba."

Bai musa ba. Ya tambaya ko a danginmu an taɓa samun mai daskarewar jini, don wannan ma an rubuta. Na ce mu ba mu san ciwon ba.

"Hajja, mahaifiyarki tana raye?"

Na ce ta rasu a Mafaza, kwana goma da haihuwar autanmu. Ƙafarta ce ta kumbura, aka ce sammu ta taka. Ta tashi za ta yi alwala ta faɗi, shi ke nan. Sai da na faɗa na tuna ita ma ta hagu ce.

Likita ya ajiye alƙalami. Ya kira ma'aikaciya ta kawo allura da sauri, ya ce kada a bari in sauko daga gadon nan yau. Da aka kira la'asar, maigida ya kawo mini dutse, na yi taimama a kwance.