Malam Lawali da ƙwallon gashin agwagwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina zuba wa agwagi dusa aka zo aka ce min Malam Lawali na Ƙaura ya rasu.

Ni ban yi boko ba. Faɗi nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara min magana.

Shekarar da aka cire mu daga Sakkwato aka ba mu Zamfara na san shi. Malamin wasanni ne a wata sakandare. Ya tsaya gaban kejina a kasuwar Shinkafi, bai taya agwagwa ba, gashin fiffike ya ce yana so. Ya fiddo wata 'yar ƙwallo mai gashi, ya ce ta wani wasa ce da ake ce ma badminton, ta kakkarye, sabuwa kuma sai Kano.

Na ce kawo in gyara.

Ta farko na haɗa gashin dama da na hagu. Da ya buga sai ta yi ta tangaɗi a sama. Bai kunyata ni gaban ɗalibansa ba. Gefe ya ja ni, ya ce gashi goma sha shida ake sa mata, duk daga fiffike guda. Tun daga ranar ni ke ɗaura masa ƙwallayen, in turara su bisa tukunya don kada su yi saurin karyewa.

Da aka ƙaddamar da Shari'a aka rufe gidajen kallo, samari suka cika filinsa bayan la'asar. Ta gashi ba ta kai magariba a hannunsu. Sai Malam ya kawo ta roba. Ya yarda ta gashi ta fi daɗin bugu, ta fi faɗowa inda aka aike ta, amma ta roba sai ta yi sati biyu ana jibgarta.

"Baba Manu, ta gashi ta gwanaye ce. Masu koyo hwa, mi za su buga?"

Na ce roba takalmi ake yi da ita. Na rantse ba ni sake taka filin nan.

Ban sake ba kuwa. Shi ko bai bar gaishe ni ba. Da uwargidana ta kwanta, a mashin ɗinsa aka kai ta asibiti, ya wuni tare da mu bakin ƙofa.

Watan jiya ya zo gidana yana dogara sanda. Ya ce tsofaffin ɗalibansa ke riƙe da filin yanzu, kullum da safe suna koyarwa.

"Ka taho ko sau guda ka ga waɗanda roba ta koya ma wasa. In ba su iya ba, ka zage ni gabansu."

Na ce sai na duba. Ban je ba. Lafiyata lau, taurin kai ne kawai.

Har gobe ta gashi ta fi, wannan ba ni janyewa. Amma a kan masu koyo shi ke da gaskiya. Na daɗe da sanin haka, ban taɓa faɗa masa ba.

Allah ka gafarta wa Malam Lawali, ka haskaka kabarinsa, ka ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi cikin addu'a.

Gobe da safe zan shiga motar Ƙaura in yi gaisuwa. Daga can in wuce filin, in tsaya gaban ɗalibansa in faɗa masu. Rantsuwar kuwa, zan yi kaffararta.