Tagar Gwaggo Hansatu a Nuzla

Talata

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na bar gidanmu a Jos. Baba ya rako ni har bakin zaure yana nanata saƙonsa: in na gama umra in dawo masa da ƙanwarsa, Gwaggo Hansatu, wadda ta tafi aikin hajji da mijinta kafin a haife ni, ta zauna a Jidda. Motar Kano ta tashi shida saura kwata, muka wuce shingen 'yan sanda bakwai, muka isa sha ɗaya da rabi. A filin jirgi wani jami'i ya zaro tef da fensir daga aljihuna ya ce, "Malam, Ka'aba za ka auno?" Na ce ni kafinta ne, ko gidan biki da su nake zuwa.

Laraba zuwa Juma'a

Awa huɗu da ɗoriya muka yi a sama. Na wuce Makka na yi umra, ranar Juma'a bayan la'asar na dawo Jidda. A unguwar Bab Makka Jamilu ɗan Gwaggo ya tare ni da 'yar motarsa ta ɗaukar kaya, wadda suke kira dabbab. Taubashina ne, saboda haka tun kafin gaisuwa ya fara: "Yalla, baƙauye, hau." Hausarsa kamar an jiƙa ta an shanya, amma ta tsokana ba ta kuɓuce masa. Ya saya min wake da gurasa na riyal uku, muka nufi unguwarsu, Nuzla.

Gwaggo tana zaune a wani ɗakin katako a saman bene, rufin kwano ƙasa-ƙasa, babu taga ko ɗaya. Ta riƙe fuskata tana kuka, ta ce hancin yayanta na ɗauko. Da na isar da saƙo sai ta yi dariya. "Sani, ƙafar da ba ta sauka bene ita za ta hau jirgi? Mijina yana kwance a ƙasar nan, jikokina suna nan. Halas, magana ta ƙare." Raina ya ɓaci sosai, don ban san da wane baki zan faɗa wa Baba ba.

Can ta ce, "An ce kai kafinta ne. Ka san taga mai hula?" Ta ce suna yara ita da Baba suna kai wa mahaifinsu abinci gidan Baturen kuza, su tsaya suna kallon wata taga da ta leƙo daga gangaren rufi, da ɗan rufinta mai tsini. Na ce Gwaggo, irinta na yi sun fi goma a Jos.

Asabar da Lahadi

Aka sauko da Gwaggo ɗakin matar Jamilu. Muka sayo katako da kwano a unguwar Ammariyya. Jamilu ya dubi zanena ya ce, "Wannan hular ta mece ce?" Na ce ta zubar da ruwan sama ce. Ya kwashe da dariya, ya ce a Jidda in an yi ruwa sau biyu a shekara sai a yi ta ba da labari.

Ban tambayi kowa ba na buɗe tagar a gangaren rufin gabas. A wurinmu tsohuwa ina za ta so duba in ba alƙibla ba? Maƙwabta suka taru a saman benayensu suna nuna ni. Na ɗauka yabo ne, har da ƙara gyara tsayuwa. Ashe da Larabci cewa suke iskar garin daga teku take zuwa, ta yamma, kuma Jamilu ya ji sarai ya yi gum.

Litinin

Da hantsi muka hau da Gwaggo a kujera. Ta dubi tagar ta daɗe, rana tana dukan tabarmarta.

"Ta yi kyau. Amma ina ta kalla?"

"Makka, Gwaggo."

"Makka kilomita tamanin ce, duk sanda na so Jamilu zai kai ni. Yamma nake so."

"Saboda iska?"

"Iskar me? Ta can gida yake."

Jamilu ma bai yi dariya ba. Ya ɗauki guduma ya miƙo min. Kafin magariba mun ɗinke gabas mun buɗe yamma. Ba a hango ko teku, sai tankunan ruwa da shanyar mutane, amma ta sa aka jawo mata shimfiɗa daidai wurin.

Laraba

Na sauka Kano da safe, na isa Jos ƙarfe biyar na yamma. Baba yana ƙofar gida, idonsa a bayana, yana jiran wata ta fito daga tasi. Na durƙusa na faɗa masa komai, ban rage ba. Da aka kira magariba sai ya ce, "Gobe ka zo da kayan aikinka. Ka buɗe min irinta a ɗakina, ta gabas."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa mutanen Nuzla da suka ba ni masauki. Jamilu kuma Allah ya shirye shi.