Na Ce Mace Ce, Aka Ɗora Mata Tukunya

Ina yi wa Edita da duk wanda wannan mujalla ta shiga hannunsa sallama. Ni ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa ba. 'Yata ce ke riƙe da biro ina faɗa mata, kuma na gargaɗe ta kada ta kuskura ta gyara min magana. Lokacin da abin nan ya faru na haura sittin, kuma ni ungozoma ce a unguwarmu a Funtuwa, shekara talatin da ɗoriya ina yanke cibi. Har daga ƙauyuka ake zuwa ɗaukata a kan babur. Amma abin da na fi suna a kansa shi ne duban ciki. Mace ta wuce ta gabana kawai, in ga yadda take dafa ƙugu, in ga hancinta da yadda cikin ya zauna, sai in ce namiji ne ko mace, kuma mutane na rantsuwa ba na kuskure. Ni ma na yarda da hakan, na ɗora wa kaina, ina tafiya ina jin babu kamata.

Tsakiyar shekarun casa'in 'yar tawa ta haihu a Amurka, a garin Greensboro, inda mijinta ke karatun digirin ƙarshe a fannin noma. Aka yi min takardu na zo wankan jego. Gidan haya ne na bene a titin High Point, mu muna ƙasa. A nan na san wani irin wulaƙanci mai sanyi, wanda ba zagi a cikinsa. Ba ganyen darbejiya, likita ya ce kada a gasa cibi, ranar da na kunna turaren wuta kuwa wata na'ura a rufin ɗaki ta fasa ihu har sai da manajan gidajen ya zo da gudu. Duk abin da na ce sai 'yar tawa ta ce min Inna a nan ba a haka. Matar da ake tasa daga kan abinci a ce ta zo ta ceci rai, ta koma mai jijjiga jariri tana kallon motoci ta taga.

Sama da mu akwai wasu 'yan Indiya. Mijin aikin kwamfuta yake, matar yarinya ce siririya mai yawan fara'a, suna da 'ya'ya biyu mata. A ɗakin injin wanki muka saba. Ni ba Turanci, ita ba Hausa, amma da hannu da dariya babu hirar da ba mu yi. Anti take ce min. Ta kawo min gurasarsu mai laushi da miyar wake, ni in hau mata da ƙosai, tunda ba sa cin nama. Ban daɗe ba na gane tana da ƙaramin ciki, kamar wata huɗu. Na dube ta sau biyu na ce wa 'yata wannan ma mace ce. Sai ta ce in rufa mata asiri in yi shiru tunda ba a tambaye ni ba. Na bar maganar ba don na so ba.

Ana nan sai uwar mijin ta iso daga Indiya. Tsohuwa ce sa'ata, gajeriya, mai kaifin ido. A matakalar bene ta tambayi 'yata ta bakin ɗanta mene ne aikina a gida, aka ce mata ungozoma. Wata rana da hantsi, 'yata ta kai jariri rigakafi, sai ga tsohuwar da kanta ta sauko, ta haɗa tafin hannuwanta ta rusuna min, ta kama hannuna zuwa sama. Ta zaunar da ni a kujera mafi kyau, ta kawo shayi mai ƙamshi da alewarsu ta madara, sannan ta kira sarakuwarta ta tsayar da ita a gabana, ta nuna cikin, ta nuna hannuna. Wata uku ke nan babu wanda ya nemi sanina sai ranar. Kada in yi wa Allah ƙarya, na ga idon yarinyar. Roƙona take yi da shi, na gani, na fahimta, amma daɗin girmamawar ya fi min ƙarfi. Na shafa cikin dama da hagu, na yi 'yar jim don a san aiki ake, sannan na kama kunnena wurin ɗan kunne, na nuna 'yan matan biyu da ke wasa a ƙasa, na ɗaga yatsu uku. Har 'yar guɗa na yi. Babu wanda ya taya ni. Tsohuwar ta ɗauke farantin alewar daga gabana ta shige kicin.

Kashegari yarinyar ta sauko wurinmu idanu a kumbure, ta yi bayani da Turanci, 'yata na juya min. Ta ce a yankinsu iyayen mace ne ke kai wa dangin ango kaya. A zamanin uwarta keke ne da agogo, amma yanzu da kasuwa ta buɗe, kaya suka cika gari, kowa na kallon talla a talabijin, sai dangin ango su ce firiji, su ce babur, su ce mota, in angon yana ƙasar waje kuwa abin ba a magana. Ta ce na'urar hoton ciki ta shiga har ƙananan garuruwa, a duba, in mace ce a cire, kuma duk da gwamnatinsu ta hana faɗa, akwai masu faɗa da ido ko da kalar biron da suka yi rubutu da shi. Ta ce ba kowa ke haka ba, ubanta da kansa ya kai ta jami'a, kuma akwai matan da ke fita titi suna yaƙar abin. Amma uwar mijinta ta aurar da 'ya'ya mata huɗu, a kan haka gonar mijin tsohuwar ta salwanta, tun daga nan ba ta ƙaunar jin an ce mace. Shi ya sa ita yarinyar da mijinta suka roƙi asibitin nan kada a gaya musu komai, don kada a sami abin gaya wa tsohuwa har a haihu. Tsohuwar ta yi ta matsa mata a koma a duba, ta ƙi. Sai ga ni, na ba ta a kan kofin shayi.

'Yata ta ce in hau yanzu yanzu in nuna wa tsohuwar kuskure na yi, in ce namiji ne, ko in ce ido ya tsufa. A nan na yi laifina na biyu, wanda ya fi na farko muni. Na ce ni? In je gaban baƙuwa in ƙaryata hannuna? Na ce ban taɓa janye magana a kan ciki ba, ba kuma a Amurka zan fara ba, su daidaita tsakaninsu. Mako guda cur ina wannan taurin kai.

Ranar Asabar na raka 'yata kantin 'yan Indiya da ke bakin titinmu, inda muke samun tsamiya da kuɓewa. Na hango tsohuwar tana zaɓen gwanda, ba nunanniya ba, ɗanya shar, tana kartar bawon da farce don ta ga farin ruwan. Kwandonta kuma da wasu ƙulle-ƙulle. Kowane abu na Indiya baƙo ne a wurina ban da wannan. Na san abin da ake nufi in an ɗura wa mai ƙaramin ciki irin wannan, na sha wanke jinin da ya biyo bayansa. Muna komawa na sami yarinyar a ɗakin wanki ta dafa inji, ta sunkuya, gumi a goshinta. 'Yata ta tambaye ta, ta ce kwana biyar ke nan ana ba ta wata miya da wani jiƙo safe da rana a ce na ƙarin jini ne, kuma a gidansu sarakuwa ba ta mayar da abin da uwar miji ta miƙo mata da hannunta. Ta ce tun safe take ganin ɗigon jini.

Na ɗaura zani na nufi bene. Surukina ya tare ƙofa, kansa a ƙasa, yana cewa Hajiya a yi haƙuri, nan ƙasar doka ce, shiga gidan mutum ba izini 'yan sanda ne, kuma bizarsa ta ɗalibi ce, in aka sami matsala karatun shekara biyar ya tashi a banza. Tun da ya auri 'yata ban taɓa haɗa ido da shi ba, ko abinci ba na ci a gabansa. Ranar na dube shi tsakiyar ido na ce Malam ya matsa, bakina ne ya ɗora tukunyar nan kuma hannuna ne zai sauke ta, in 'yan sandan sun zo ya ce bai san ni ba. Na ja 'yata ta zo ta yi tafinta.

Mun tarar da tukunyar a kan wuta. Na sa gefen mayafina na sauke ta, na dire ta a kan tebur gaban mijin, a kan takardunsa. Na ce a tambaye shi, shi da ke koya wa kwamfuta lissafi, ko ya san abin da ake dafawa a kicin ɗinsa. Ya ce abincin gargajiya ne, uwarsa ta fi shi sanin harkar mata. Na ce a gaya masa ni ma tsohuwa ce, na fi shi sanin harkar mata, kuma wannan ba abinci ba ne, likkafani ne. Tsohuwar ta taso min da yarensu, ni ma na tasar mata da nawa, babu mai jin wata amma kowa ta gane. Ta nuna ni tana gaya wa ɗanta ai ni na faɗa da kaina. 'Yata na ja min hannu tana raɗa min in ce namiji ne a huta. Na ƙi. Wannan karon ba don girman kai ba. Na ga in na ce namiji ne, na yarda ke nan da a ce mace ce daidai aka yi. Na ce a gaya musu mace ce na ce, kuma mace za a haifa a gidan nan ko da a bakin ƙofarsu zan shimfiɗa tabarma har wata tara. Sannan na kama 'yan matan biyu na tsayar da su gabansa, na ce ya nuna min wadda da ya so an dafa wa tukunya.

Ya ɗauki makullin mota ya kai matarsa asibiti. Aka tsayar da jinin, aka ce ta kwanta kada ta ɗaga ko buta. Manajan gidajen ya kawo mana takardar gargaɗi, surukina ya yi wata guda gaisuwa kawai ke haɗa mu. Tsohuwar ta koma Indiya kafin lokacinta, ba ta yi wa ɗanta sallama ba. Ni kuma aka ƙara min wa'adin zama, yarinyar ta riƙa wuni a kan gadona, ina yi mata tuwon shinkafa da miyar taushe ba nama, ina yi wa 'ya'yanta kitso. Tana cin abincina, amma ba ta sake yi min irin dariyar da ba, kuma ban ga laifinta ba.

Da lokaci ya yi ta haihu lafiya. Namiji.

Ku ji fa, namiji. Ni da ba na kuskure. Yaron da aka kusa zubarwa a kan maganata, shi ne abin da tsohuwar ta ƙetare teku tana nema. Waya ta dinga ƙara daga Indiya, tsohuwar ta shirya da ɗanta, har ta aiko a gaishe ni a ce idona ya tsufa. Mijin ya sauko da babban kwalin alewa mai ado, yana rabawa gida gida, bakinsa har kunne. Na ce a tambaye shi kwali nawa ya raba ranar da aka haifi 'yan matan. Ya hau gyara murfin kwalin. Na ce to ya mayar da nawa sama ya ba su, ni ba na shan zaƙin da ba a raba wa mace. 'Yata ta ce na yi rashin kyautawa, na ce ta rubuta hakan ma.

Da na zauna na yi tunani, sai na gane cewa shekara talatin ɗin nan mutane na tuna wanda na faɗa daidai ne, su manta wanda na kuskure, ni kuma na fi kowa mantawa. Wannan na yi nadamarsa, da kofin shayin nan, da makon nan guda, kuma ina roƙon Allah gafara. Amma sauke tukunya da mayar da alewa, ko gobe aka sake zan sake. Kada kuma mai karatu ya ce ai halin Indiya ne. Ni ce nake fitowa daga ɗakin haihuwa in gaya wa maigida, na san yadda fuskar wasu mazanmu ke canzawa in na ce mace ce ta huɗu, na san ragon da ake saya ƙarami. Na'urar nan kuma ta iso garuruwanmu. Don haka ina jan kunnen ungozomomi 'yan'uwana, da malaman asibiti, da duk tsohuwar da ake zuga ta da cewa tana da ido: kafin ki buɗe baki, ki dubi fuskar mai cikin, ki tambayi kanki me mai tambayar zai yi da amsar. Tun da na dawo gida mata ke tsayawa a gabana suna cewa Inna duba min. Nakan shafa cikin, in yi addu'a, in ce mutum ne, je ki shirya masa zani.