Teburin Masu Babban Tsibi

Lokacin da aka sa dokar kullen korona, ni kaɗai ne a hawa na goma sha huɗu a Danau Kota, wata unguwa a can ƙasar Malayawa inda nake karatu. Matata da yara sun tafi Kano bikin ƙanwarta, sati uku za su yi, aka rufe filayen jirgi suna can. Jami'a a rufe, masallaci a rufe. Mutumin da nake gani a yini shi ne mai kawo min tapau, wato abincin saye da ake ƙunsowa, shi ma a bakin ƙofa yake ajiye ledar abincin ya juya tun kafin na ce na gode.

Kaɗaici ne ya kai ni poka, wasan karta na waya. Kafin wani ya ja min aya: ba kuɗi ake sawa ba, sulallan wasa ne da manhajar ke rabawa kyauta kowace safiya, ko kofin shayi ba za su saya ba. Duk da haka ban gaya wa matata ba.

Teburan hawa-hawa ne. Kowanne yana da mafi ƙanƙanta da mafi yawan abin da za ka shigo da shi, kuma kafin ka zauna kana ganin tsibin sulallan da ke gaban kowa. Masu wayo teburin da za su ci suke nema, ni kuwa wanda za a daɗe. Na lura masu ƙaramin tsibi ba su da zama. Mutum ya shigo, ya tura duk abin da ke gabansa, a cinye, ya ɓace ko sallama babu. Masu babban tsibi su ne ke miƙe ƙafa, har su rubuta wata magana a gefen allo. Wajensu nake raɓewa.

A irin wannan teburi na haɗu da wani dattijo Bamalaye, tsohon direban bas. 'Ya'yansa suna wata jiha, babu damar tsallako iyaka. Ina ce masa Pakcik, wato kawu, yana ce min adik, ƙane. Kullum bayan azahar yana nan a teburi ɗaya, da Turancinsa mai gauraye da Malayanci. Ya ba ni labarin ciwon gwiwarsa, na ba shi na 'yata da ta fara tafiya ban gani ba. La'asar na yi mu tashi tare. Wata biyu muna haka, kuma wallahi don wannan awa biyun nake yin wanka.

A poka ba ka iya cinye wa mutum fiye da abin da ka shigo da shi. Ni kullum da rabin tsibin Pakcik nake zama, saboda maƙo, don haka komai sa'ata ba zan iya tayar da shi ba. Ban san maƙon nan ne ke riƙe da zamanmu ba.

Wata rana ya rubuta, "Adik, kullum ɗan tsibinka kamar kashin tumatir. Kuɗin karatu bai zo ba ne, lah?"

Mutanen teburin suka yi ta turo dariya. Wasa yake yi, na sani. Amma Bakano ne ni, a ce min matsiyaci a gaban baƙi? Washegari na tattaro duk abin da na tara na shigo da iyakar abin da teburin ya yarda, har na ɗara shi.

"Wah, yau towkay ne," in ji shi, wato babban attajiri.

Ba a yi rabin awa ba sarakunan karta biyu suka zo hannuna, na uku ya faɗo a teburi, haɗin da da wuya a doke shi. Pakcik ya tura duk tsibinsa. Ina iya ajiye kartata in bar masa. Na san haka, na ma tuna a lokacin. Na danna, na tura nawa.

Sulallansa suka gangaro gabana, kujerarsa ta zama fanko. Wanda ba shi da abin shiga, manhajar ke fitar da shi nan take. Sai a lokacin na tuna ban taɓa karɓar lambarsa ba, ban ma sa shi cikin abokai ba. Me zai sa, tunda kullum yana nan?

Na san sai dai ya koma ƙananan tebura da kyautar safiya. Na so in bi shi, manhajar ta hana ni: mai tarin sulalla irin nawa ba ya zama da masu ƙaramin ƙarfi. Kwana huɗu na yi ina zubar da su da gangan, ina tura komai a kan kartar banza, wani lokacin ma don jaraba sai in ci. Da ƙyar na talauce.

Ƙananan teburan ba su ƙirguwa. Na riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya tsakanin azahar da la'asar, in rubuta "Pakcik?", in jira, in fita. Babu mai amsawa, a can ba a zama balle a karanta saƙo. Na yi haka har aka buɗe filayen jirgi, ban same shi ba. Shi da ya ba ni wata biyu na rayuwarsa, abin da ya gani na ƙarshe daga gare ni shi ne na kwashe masa komai.