Mutum na Huɗu a Allon Dutse

Shekara goma sha takwas na yi ina koyar da Faransanci a Maraɗi. A Greensboro ta Amurka kuwa zannuwan gado nake ninkewa a wani otal da ke kan High Point Road, kuma Faransancin nan ko ruwan sha bai taɓa samo mini ba. Amfaninsa ɗaya: duk wanda aka aiko wa takarda daga gida ni yake nema. Da an ce "Madam, don Allah," sai in ajiye abin da nake yi in nemo tabarau.

Wata Asabar da hantsi maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa ƙofa. 'Yar Damagaram ce, aikin kula da tsofaffi take yi. Mahaifinta ya zo wurinta aikin ido, ya kusa wata huɗu a gidan. Ta miƙo mini hoto, ta rage murya duk da babu kowa a barandar.

"Anti, Baba zai sa ki karanta masa wannan. Don Allah ki ce sunan yayansa ne a jiki."

Na ce, "Bari in gani tukuna. Ba a cinikin biri a sama."

Labarin yayan nan na riga na san shi. Baba yana ɗan shekara bakwai Faransawa suka ɗauki yayansa soja. Wasiƙa ɗaya ta zo, sai shiru. Bayan yaƙi wani tsohon soja da ya dawo ya ce tare Jamusawa suka kama su, suka tsare su a wani sansani cikin Faransa, amma yayan ya tsere ya shiga cikin Faransawan da ke yaƙar Jamus a ɓoye. Iyakar saninsa ke nan. Uwarsu ta hana a yi zaman makoki. Ta ce ba ta ga gawa ba, ba ta ga takarda ba, duk wanda ya ce "Allah ya jiƙansa" a gabanta ba ta yafe ba. A gidan sai dai a ce "Allah ya maido shi." Ta rasu a kan haka, Baba ya gaji kalmar. Ni kaina na sha jin ta bayan sallar la'asar, don bangon gidajen nan da kwali duk ɗaya ne.

Hoton kuwa, wani ɗan ƙanwar Baba mai aikin gini a Paris ne ya aiko shi. Allon dutse ne a jikin bango, kusa da shagon burodi, da busassun furanni a wani zoben ƙarfe. An rubuta cewa a nan ne mutum huɗu 'yan gwagwarmaya suka faɗi a faɗan titi, lokacin da ake korar Jamusawa daga birnin. Uku Faransawa ne, kowa da sunansa da shekarunsa. Na huɗu layi ɗaya aka ba shi a ƙasa: sojan Sanagal, ba a san sunansa ba.

Na ce mata ƙarya ba zan yi ba.

Ta ce, "Wata mai zuwa zai koma gida, Anti. So nake ya sauke kayan nan kafin ya tafi."

Na ji haushi, amma ba nata ba. Allon ne ya ba ni haushi. An samu wurin rubuta shekarun mutum uku, an rasa wanda zai tambayi na huɗu sunansa yana da rai.

Muka tarar da Baba a zaune kan darduma, da baƙin tabarau na waɗanda aka yi wa aiki. Muka gaisa. Na karanta masa layi layi, ina fassarawa, har sunayen Faransawan. Da na zo na ƙarshe na faɗa yadda yake. 'Yar ta harare ni, na yi kamar ban gani ba.

Ya ce, "Madam, Sanagal kika ce?"

"Haka aka rubuta, Baba. Amma ka sani, a wurinsu duk baƙin da ya sa musu jar hula ɗan Sanagal ne, ko daga Tawa ya fito."

"Ke nan yana iya zama shi."

"Yana iya zama shi. Yana iya zama na wasu. Allah kaɗai ya sani."

Ya karɓi hoton ya kawo shi dab da idon da ya warke. Ya daɗe. Can ya tambaya ko furannin nan na waye. Na ce ina jin dangin ukun ne ke kawowa, ko hukuma.

Ya ce, "Shi kuwa ba mai zuwa."



Ranar Juma'a 'yar ta ɗauki hutu don Baba ya ce a yi sadaka, muka soya masa, wato waina, da yawa har ƙararrawar hayaƙi ta yi ta kuka, sai da muka buɗe tagogi. Bayan masallaci maza kamar goma suka zo, mu mata muna daga kicin. Malamin da zai ja addu'a ya ce, "Alhaji, wa za a yi wa? Me sunan mamacin?"

Baba ya faɗi sunan yayansa. Ya ƙara da cewa, "In ba shi ne a bangon nan ba, a haɗa da mai bangon. Allah ya san inda zai kai."

Aka yi addu'a, aka shafa. Malam ya juya gare shi, yana jiran ya rufe da nasa bakin. Baba ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya mai…" Sai ya tsaya. Harshen da ya yi shekara sittin yana bin hanya ɗaya ne. Ba wanda ya taya shi. Ya sake farawa a hankali.

"Allah ya jiƙansa."

Muka ce amin. 'Yar ta shige banɗaki ta rufe ƙofa, ni kuma na ci gaba da zuba masa a faranti.