Zomayen Faisal

Luba na zaune a bencin wani asibitin dabbobi a Dutse, tana jiran a duba akuyarta, amma idonta na kan matar da ke gefenta. Siririya ce, hijabinta ya koɗe, da gani daga ƙauye ta taso. Ta ɗora kwali a cinya, zomaye biyu a ciki, tana shafa kunnen ɗaya da yatsa, ba ta kallon kowa.

Likita ya leƙo. "Baiwar Allah, me ke damun su?"

"Lafiyarsu lau. Rigakafi nake so a yi musu."

"Na yara ne?"

"Na ɗana Faisal ne. Shi babansa ya hana a yi masa. Ƙyanda ta ɗauke shi bara."

Luba ta sunkuyar da kai, tana ayyana abin da matar ta faɗa a gida kafin a bar ta ta fito. Wataƙila cewa ta yi dubiya za ta.

Da likita ya ɗauko allurar, sai matar ta rungume zomon a ƙirji, ta rufe masa ido da tafin hannu, tana jijjiga shi.

"Yi haƙuri," take ce masa. "Yanzu za a gama."